Manoman Dusar Ƙanƙara

Tun ina yaro a Mubi ban taɓa jin an ambaci sanyi da alheri ba. Da zarar an gama yankan dawa, iskar hunturu ta taso, hazo ya lulluɓe duwatsun Mandara, har mutum ya tsaya a bakin kogin Yedzaram ya dubi gabas bai ga kome ba sai fari, kamar an zo cikin dare an kwashe duwatsun an kai su wata ƙasa, to daga ranar kowane gida ya shiga shirin yaƙi. Iyaye mata su fito da man kaɗanya saboda kaushi da faso, a zazzage adaka a ciro tsofaffin barguna, almajirai su kewaye wutar karmami tun kafin assalatu suna karatu haƙora na kaɗawa. Alwalar asuba kuwa, sai wanda ya taɓa yin ta da ruwan randa a watan Janairu zai san abin da nake nufi. In tsoho ya rasu a wannan tsakani, za ka ji ana cewa ɗari ne ya tafi da shi, kuma ba mai neman ƙarin bayani.

Ƙanƙara iri biyu muka sani. Akwai wadda ake sarawa a sayar lokacin azumi, akwai kuma wadda kan zubo daga sama jifa-jifa cikin damina. Ina aji uku a firamare aka yi wata wadda har yau ban manta da ita ba. Hadari ya haɗo daga wajen duwatsu da la'asar, rufin kwano ya ɗauki ƙara kamar ana jifansa da tsakuwa, mu yara muka fita da kwanoni muna tsinta muna tsotsa muna ihu. Na cika rabin kwano, na ruga in nuna wa Baba. Na same shi tsaye a bakin masararsa ta bayan gida, wadda da safe ta kai ƙugun babban mutum, yanzu ganyenta ya koma zare-zare. Ya dubi kwanon, ya dubi masarar, bai ce mini uffan ba. Na koma gefe na zubar.

Ita kuwa dusar ƙanƙara, a baki kawai muka san ta. Ban san wanda ya fara raɗa mata wannan suna ba, amma ko wane ne ya iya kallo, domin kuwa ba abin da ya fi kama da ita irin dusar da ke tashi daga faifai in ana bakace. Inda na fara cin karo da ita a karatu shi ne cikin addu'ar sallar jana'iza, inda ake roƙa wa mamaci a wanke shi da ruwa da dusar ƙanƙara da ƙanƙara. Malaminmu na zaure, wanda iyakar tafiyarsa Garwa, ya fassara mana kalmar da cewa wani irin ruwa ne fari tas, mai taushi kamar auduga, da ke sauka a ƙasashen Sham. Muka haddace, muka wuce.

Amma abin da ya raba ni da sanyin dutse, rabuwa ta ƙiyayya, ya faru ne ranar 29 ga Oktoba, 2014, da 'yan Boko Haram suka shigo Mubi. Muka fita da abin da ke jikinmu, muka bi ayarin mutane ta hanyar Sahuda muka nufi Kamaru. Waɗannan duwatsu sun saba ɓoye mutane. Kakannin mazauna cikinsu can suka haye suna gudun mahara irin su Hamman Yaji na Madagali, suka jera duwatsu matakala-matakala a gangare suna noma a kai. Mu ba mu da wannan gado. 'Yan gari ne mu, da silifas a ƙafa. Kwana uku muka yi a sarari, damina ta ɗauke, raɓa na sauka kamar yayyafi, iskar dare tana ratsa ƙashi. Goggona, yayar Baba, da zane ɗaya ta fito, shi ma ta lulluɓe jikarta da shi. Tari ya kama ta a dare na biyu, bai sake ta ba. Sojoji sun ƙwace garin a watan Nuwamba, amma ita a Yola muka binne ta kafin mu koma gida. Ina tsaye a sahu ana yi mata waccan addu'a, zuciyata na cewa: Allah Sarki Goggo, sanyi kuma?

Na kawo duk wannan ne domin mai karatu ya san irin mutumin da ya sauka a birnin Grenoble na ƙasar Faransa a ƙarshen shekarar 2022. Ni malamin Faransanci ne, an tura ni kwas na wata uku. Birnin yana cikin kwari, duwatsun Alfis sun yi masa zobe ta fuska uku, kuma tun ranar da na isa na lura ba a yin hira ta minti biyar ba a ambaci dusar ƙanƙara ba. Nan aka yi wasannin Olamfik na lokacin sanyi a 1968, lokacin da Jean-Claude Killy ya kwashe zinariya uku a gangaren Chamrousse, kuma har yau mutanen garin ba su gaji da ba da labarin ba. Wasan zamiya ke nan: mutum ya ɗaura wasu dogayen alluna biyu a ƙafa, ya riƙe sanda a kowane hannu, kujera mai rataye a igiyar ƙarfe ta ɗauke shi zuwa ƙolin dutse, ya sulalo ƙasa, ya sake hawa. Kuɗi ake biya masu yawa. Na riƙa kallon hotunan a tashar mota ina jin haushin da ban iya faɗa wa kowa ba. A ce mutum yana da ɗaki, yana da bargo, ba wanda ya kore shi, ya ciro kuɗi daga aljihunsa ya je neman sanyi a kan dutse!

Da hutun Kirsimeti ya zo makaranta ta watse, wani abokin aiki ya ga ba ni da inda zan nufa, sai ya haɗa ni da kawunsa mai gidan saukar baƙi a wani ƙauye cikin duwatsun Chartreuse, arewa da birnin, wanda tsayinsa ya ɗan haura mita 1,000 daga teku. Ya ce in je in ga dusar ƙanƙara ta sosai, gani ya kori ji. Na sayi rigar sanyi ta gwanjo, na tafi ba da son raina ba.

Abin da na tarar shi ne ciyawa. Gangaren da a hoto yake fari fat, ga shi kore da ruwan ƙasa, taɓo ko'ina, ruwan sama na zuba tsit-tsit kamar markar Agusta. Kujerun igiya suna rataye a sama ba kowa, iska na kaɗa su. Shagon hayar alluna a buɗe, mai shi yana zaune yana karanta jarida. A gidan da na sauka ɗaki goma sha biyu ne, uku kaɗai ke da mutane, har da nawa da ba biya nake yi ba.

Mai masaukina dattijo ne da ya ba saba'in baya, gajere, mai kaurin hannu, ba shi da yawan magana. Kashegari na tashi sallar asuba, na leƙa ta taga, sai na hango shi tsaye a tsakar gida cikin duhu, ya goya hannu a baya, ya ɗaga kai yana duban wani ƙololuwa da suke kira Chamechaude, mai tsayin mita 2,082. Ya daɗe a haka. Sa'an nan ya juya fuska wajen da iska ke fitowa, ya shaƙa, ya girgiza kai, ya tsuguna ya taɓa ƙasa da bayan hannu. Gabana ya faɗi, domin na san wannan tsayuwa. Tsayuwar Baba ce a watan Mayu, in shamuwa ta iso, gawo ya fara kaɗe ganye, iri na cikin ƙwarya, amma gabas ta ƙi yin baƙi. Ko yadda yake goya hannun iri ɗaya ne.

Da muka zauna karin kumallo ya jawo wata takarda da ake liƙawa kullum a ƙofar ofishin ƙauyen, wadda yanzu har a waya ake samun ta, ya koya mini karanta ta. Rahoton yanayi ne, amma ba irin na rediyonmu ba, mai cewa za a yi hazo a wasu sassa. Ana rubuta zurfin dusa a gindin dutse da kuma ƙolinsa, da santimita. Ranar da ta sauka ta ƙarshe. Irinta, ko gari ce mai laushi, ko jiƙaƙƙiya mai nauyi, ko wadda ta narke da rana ta sake daskarewa da dare ta zama gilashi mai karya ƙafa. Ana rubuta yawan hanyoyin zamiya da ke buɗe, kowace da launinta gwargwadon haɗarinta, kore ta 'yan koyo, shuɗiya, ja, sai baƙa ta gwanaye. Ana rubuta ƙarfin iska, don in ta yi yawa ba a tayar da kujeru. Akwai kuma lamba daga 1 zuwa 5 mai nuna haɗarin zaftarewar dusa daga gangare, wadda kan binne mutum da ransa cikin ƙiftawar ido. A ranar, wajen zurfin dusa a gindin dutse, sifili aka rubuta.

Amma layin da dattijon ya ɗora yatsa a kai wani ne dabam, wanda suke kira iyakar ruwa da dusa. Bayaninsa shi ne, duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi kan ragu da kamar digiri 6. Saboda haka girgije ɗaya zai iya zubar da dusa a ƙolin dutse, ya zubar da ruwa a gindinsa, kuma akwai wani tsayi inda ɗayan ke komawa ɗayan. In iyakar ta sauko ƙasa da ƙauye, an samu. In ta haye sama da shi, ruwa ne zai zuba, ya wanke ɗan abin da ya taru. A makon nan iyakar ta haye can sama da su, ta bar su a ƙasa. Nan ne ma na gane dalilin da ya sa duwatsunmu ba za su taɓa ganin dusa ba, duk da sanyinsu da ya kashe mini goggo: mafi tsawo a Mandara bai cika mita 1,500 ba, ga mu kuma kusa da tsakiyar duniya, inda sai dutse irin Kilimanjaro mai mita 5,895 ke iya riƙe ƙanƙara a kansa.

Na tambaye shi, in ba ta zo ba fa? Ya buɗe littafin ajiyar ɗaki ya nuna mini sunayen da aka soke da jan biro. Ya ce shekararsu makonni ne ƙalilan: mako biyu na Kirsimeti da sabuwar shekara, sai hutun 'yan makaranta na Fabrairu. Abin da aka samu a nan shi ake ci har wata shekara, mai gidan baƙi da mai gasa burodi da mai koyar da zamiya da yaron da ke tsaron kujeru. Kakanninsa makiyaya ne masu yin cuku, sanyi a wurinsu lokacin ƙunci ne, su da shanu a rufe wuri ɗaya. Sai a zamanin mahaifinsa mutanen birni suka fara hawowa da alluna, abin da ake tsoro ya koma abin da ake roƙo, har suka sa masa suna farar zinariya. Aka sayar da shanu aka gina ɗakuna. Shi kuma ya ci bashin banki ya ƙara shida a kan na gado.

Ashe ba shi kaɗai ba ne. A farkon Janairun 2023 kusan rabin hanyoyin zamiya na Faransa a rufe suke. Ranar sabuwar shekara zafi ya haura digiri 20 a garin Delémont na Suwizalan, a tsakiyar lokacin da ya kamata ruwa ya daskare a famfo. Mun kalli gasar duniya ta Adelboden a talabijin, ni da shi: wani siririn farin layi ya gangaro daga dutse kamar an shimfiɗa rawani a kan ciyawa, dama da hagu kore shar. Wannan dusar inji ce. Suna da wasu injuna masu kama da ganga a gefen hanyoyi, masu fesa ruwa da iska mai ƙarfi ya daskare kafin ya faɗo, kuma a kan tara musu ruwa a tafkunan da aka haƙa kan dutse. Sai dai injin ma bara yake yi a wajen sama, don ba ya aiki sai sanyi ya kai kamar digiri 2 ƙasa da sifili. A makon nan ko da dare bai kai ba.

Wata rana ya ɗauke ni a motarsa zuwa wata mashiga da ake kira Col de Porte, mai tsayin mita 1,325, ya nuna mini wani fili da aka killace, cike da sanduna da na'urori. Tun 1960 masana yanayi ke auna dusa a wurin. Da suka kwatanta shekaru talatin na farko da waɗanda suka biyo baya, sai suka ga zurfinta ya ragu da kusan kashi 40 cikin ɗari. Dattijon ya ce shi bai bukaci sanda ba, akwai wata taga a gidansu da yana yaro ta nan ake fita in dusa ta toshe ƙofa, jikokinsa kuwa sun ɗauka tatsuniya ce.

Daren nan na kira Baba. A lokacin sanyi agogonmu ɗaya da na Faransa, don haka na san yana zaure bayan lisha, kaskon wuta a gabansa. Bayan gaisuwa ya ce, "Auta, yaya sanyin Turawa? An ce har yawu daskarewa yake yi."

Na ce, "Baba, sanyin ne ma ya ƙi zuwa. Mutanen nan duk hankalinsu a tashe." Na yi masa bayani iyakar iyawata, ina jiran ya yi dariya, ko ya ce abin da ni na faɗa a raina a tashar mota. Ya yi shiru, har na zaci layi ya yanke.

Can ya ce, "Wato shi mai masaukin naka ya yi shuka, ruwa ya ɗauke."

Na ce, "Kusan haka ne, Baba."

"Da bashi a kansa?"

"Da bashi."

Ya ce, "Assha. Ka gaishe shi, ka ce ina yi masa jaje. Kuma kai ka rage cin abincinsa."

Baba ya san abin da yake faɗa. Shi mai lissafin taurarin damina ne, kowane da kwanakinsa goma sha uku, kuma da can in ya ce a fita shuka ba a cika yin biyu ba. Shekarun nan kuwa ruwa kan sauko a Mayu kamar da gaske, a zuba iri, ya tsiro, sai sama ta bushe mako biyu ko uku, tsiron ya ƙone, a sake sayen iri. In ya dawo kuma ya zo a fusace. A daminar 2022 ɗin nan ma ambaliya ta cinye gonaki a garuruwan bakin Binuwai na jiharmu. Yakan ce taurari suna nan inda suke, ruwan ne ya daina jin maganarsu.

Ba zan yi wa mai karatu ƙarya in ce halinsu ɗaya ba. Dattijon Chartreuse yana da fansho, yana da asibiti, in banki ya matsa akwai hukumar da zai kai wa kuka. Ba wanda zai kwana da yunwa a ƙauyen don dusa ba ta sauka ba. Baba in gona ta ƙi, rumbu ne zai faɗa masa gaskiya tun kafin watan Yuli. Kuma hayaƙin da masana suka tabbatar shi ke ɗumama duniya, kaso mai tsoka daga ƙasashe irin nasu ya fito, har da dogon layin motocin da kan hawo dutsen duk ƙarshen mako, alhali Baba bai taɓa mallakar abin da ya wuce keke ba. Na yi niyyar faɗa wa dattijon haka wani dare. Na dube shi yana goge kofunan da ba wanda ya sha kome a ciki, na fasa.

Na koma Grenoble da aka buɗe makaranta. Wajen tsakiyar Janairu sanyi ya juyo, sai ga wayarsa ranar wata Juma'a, kalma biyu kawai: "Hawo, Malam." Na isa da almuru. Iska ta kwanta, garin ya yi tsit, sama ta yi nauyi ta sauko kusa. Muna cin abinci ya ajiye cokali, ya tashi ya buɗe ƙofa. Tana sauka a hasken fitilar waje, a hankali, ba ƙara ko kaɗan. Wannan ne ya fi ba ni mamaki, ni da na saba ruwa ya zo da cida da tsawa da karyewar rassa. Maƙwabta suka firfito suna kiran juna, yara suna buɗe baki sama suna tarar ta da harshe, kamar mu da kwanoninmu. Dattijon ya tsuguna ya dumbuza, ya matse a tafinsa, ya buɗe, ya ga ta watse ba ta dunƙule ba, ya ce busasshiya ce, mai kyau, za ta zauna. Haka Baba ke tona ƙasa da yatsa bayan ruwan farko ya ga iyakar inda laima ta kai.

Na miƙa hannu ta sauka a kan hannun rigata. Fara ce tas, mai taushi kamar auduga. Malamin zaure bai yi kuskure ba. Ban san lokacin da na fara karanta wa Goggo waccan addu'a ba, a tsaye a ƙofar gidan wani Bafaranshe, shekara takwas da wata biyu bayan mun binne ta. Dattijon ya ga leɓena na motsi, ya cire hularsa ya tsaya har na shafa.

Fabrairu ta ɗan rufa musu asiri, amma abin da aka rasa a Kirsimeti an rasa. Na dawo Mubi ana tsakiyar zafin bazara. A watan Satumba na 2023 ya aiko mini da labarin wani wurin zamiya da ake kira La Sambuy, kusa da tafkin Annecy, wanda hukumar garin ta yanke shawarar rufewa ɗungum a kwance kujerunsa, saboda dusar da yake samu ba ta ƙara biyan kuɗin gudanar da shi. A ƙarƙashin labarin ya rubuta cewa ɗansa ya samu aiki a birni, ba zai karɓi gidan ba.

Na karanta wa Baba muna zaune a gona ana cirar gyaɗa, duwatsun Mandara sun fito tangaran bayan ruwan dare, kore har ƙoli. Ya saurara har na gama. Sa'an nan ya kira ƙanen matata da ke taya mu aiki, ya ce in an ɓare a auna mudu biyar daga ta wajen tudu, wadda ta fi ƙwaya, a ƙulle dabam.

Na ce, "Baba, ta wa?"

Ya ce, "Ta mutumin dutse. Kai ka san yadda za ka yi ta kai."